Da Wane Mudu Ake Auna Agaji?

Ran 9 ga watan Oktoba na shekarar 2012, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Dokta Goodluck Jonathan, ya yi wa jama'ar Nijeriya jawabi ta rediyo da talabijin game da ambaliyar ruwan da ta addabi ƙasar tun daga watan Yuli. Ambaliya ce da aka ce an yi shekara arba'in ba a ga kamarta ba. Ruwan sama ya yi yawa, aka kuma saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, Kogin Binuwai ya tumbatsa ya taras da Kogin Kwara shi ma a cike, har ruwa ya hau kan hanyar Lakwaja zuwa Abuja aka yi kwanaki motoci ba su wucewa. Da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA, ta gama ƙidaya, sai ta ce mutum 363 suka rasu, fiye da miliyan biyu kuma suka rasa matsuguni.

A cikin wannan jawabi ne aka bayyana cewa Gwamnatin Tarayya ta ware Naira biliyan 17.6 domin agaji. Hukumomin tarayya aka ba biliyan 4.3, sauran biliyan 13.3 kuwa aka raba wa jihohi bayan an kasa su kashi huɗu. Kashin farko jihohi takwas ne, watau Adamawa, Binuwai, Filato, Kogi, Anambara, Delta, Bayelsa da Oyo, kowace ta sami miliyan 500. Kashi na biyu jihohi goma sha ɗaya ne, cikinsu har da Kano, Jigawa, Kaduna, Bauchi, Neja da Taraba, kowace miliyan 400. 'Yan kashi na uku miliyan 300 aka ba kowace, na huɗu kuma, inda aka sa Sakkwato, Kabbi, Zamfara, Yobe, Barno da Babban Birnin Tarayya tare da waɗansu jihohin Kudu, miliyan 250. Ba jihar da ta tashi hannu rabbana.

Wanda ya zauna ya dubi wannan rabo da kyau zai ga abu guda: jihar da ruwa ya fi yi wa ɓarna ba ta sami fiye da ninki biyu na abin da aka ba wadda ya taɓa kaɗan ba. Jihar Kogi, inda koguna biyun suka haɗu, inda kuma ruwa ya shanye kusan dukan ƙasar Ibaji, miliyan 250 kaɗai ke tsakaninta da jihar da ke can ƙarshen layi. In kuwa da an raba biliyan 13.3 ɗin nan bisa yawan waɗanda suka rasa gidajensu, da kowane mutum ya tashi da abin da ya ɗara Naira dubu shida da kaɗan, da kuma waɗansu jihohin sun kwashi mai yawa, waɗansu sun sami abin da bai taka kara ya karya ba. Ba a ce an yi son kai ba. Abin da aka yi shi ne an zaɓi wani mudu aka yi awo da shi, mudun da ke sa kowane gwamna ya koma gida da abin nunawa. Da an ɗauki wani mudun dabam, da rabon ya fita dabam. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, wa ke zaɓen mudun, kuma yaushe?

Tushen matsalar dai ɗaya ne ko'ina a duniya. A kwanakin farko bayan girgizar ƙasa ko ambaliya ko guguwa, abin da ke hannu ba ya taɓa kai yawan mabukata, ko da kuwa kuɗi na nan jibge, domin hanya ta yanke, mota ba ta da yawa, mai kuma ya yi wuya. Tilas wani ya yanke shawarar inda motar farko za ta nufa, kuma duk inda ta nufa akwai inda ba ta je ba.

A ɗauka, alal misali, wani jami'in agaji yana da motoci biyar da man da zai kai su kwana uku. A gefe guda ga gari a bakin kwalta, mutum dubu ashirin sun taru a makarantun firamare, mota na iya zuwa ta dawo sau huɗu a yini. A ɗaya gefen ga waɗansu ƙauyuka a bayan fadama, mutum dubu biyu, sai an sauke kaya daga mota an ɗora a kwalekwale, sawu ɗaya ya cinye yini guda. In ya ce zai ciyar da baki mafi yawa da man da ke hannunsa, to garin bakin kwalta zai nufa, rahotonsa kuma zai yi kyau, domin zai rubuta cewa ya kai wa mutum dubu ashirin abinci. In ya ce kowa a ba shi daidai da na kowa, sai ya raba motocin, mutanen gari su sami rabin ciki, na ƙauye su sami rabin ciki a makare. In kuwa ya tambayi wanda ya fi kusa da halaka, zai tarar mutanen gari suna da kasuwa, da 'yan'uwa, da masu hali da ke dafa abinci a tukunya suna kai musu, su kuwa na bayan fadama rumbunansu sun tafi da ruwa, rijiyoyinsu sun cika da laka. Kowace hanya ya bi yana da hujjar da zai kare kansa da ita, kowace kuma akwai wanda zai kwana da yunwa saboda ita.

Likitocin yaƙi ne suka fara fuskantar wannan tambaya gaba da gaba. Dominique Larrey, babban likitan fiɗa a rundunar Napoleon na Faransa, shi ya kafa dokar cewa wanda rauninsa ya fi tsanani shi za a fara dubawa, ko farabiti ne ko janar. Wannan ra'ayi ya bi zamani har ya shiga cikin ƙa'idoji bakwai da Ƙungiyar Agaji ta Red Cross ta amince da su a 1965, inda aka ce ba a duban ƙabila ko addini ko siyasa, matsananciyar bukata kaɗai ke sa a gabatar da wani. Amma faɗin haka ya fi aikata shi sauƙi, domin sai an san mene ne "isa" kafin a san wanda bai samu ya isa ba. Bayan da cutar amai da gudawa ta kashe dubban 'yan gudun hijirar Ruwanda a Goma a 1994, ƙungiyoyin agaji suka ji kunyar yadda aikinsu ya kasance, suka taru a 1997 suka fara tsara ma'aunin da ake kira Sphere. A nan ne aka tsayar da cewa kowane mutum yana bukatar aƙalla lita 15 ta ruwa a rana, da abincin da ya kai kalori 2,100, da kuma makewayi ɗaya ga kowane mutum ashirin. Waɗannan alƙaluma ba su ciyar da kowa, amma sun ba jami'i abin da zai auna giɓi da shi, sun kuma ba ɗan jarida abin da zai riƙe jami'in da shi.

Daga nan sai masana lissafi suka shigo. Tun 1947 wani Ba'amurke, George Dantzig, ya fito da wata hanyar lissafi domin tsara jigilar kayan mayaƙan saman ƙasarsa, wadda ke nemo hanya mafi arha ta kai kaya daga rumbuna da yawa zuwa wurare da yawa. Kamfanonin mai da na sufuri suka rungume ta, da kwamfuta ta yawaita kuma sai hukumomin agaji suka ara. Ta yi amfani ƙwarai a inda tambayar ta kaya ce zalla: ina ya kamata a ajiye tantuna da barguna tun kafin bala'i ya auku, wace tashar jiragen ruwa za a bi, wake ko gyaɗa ne zai ba da ƙarfin jiki iri ɗaya da kuɗi kaɗan. Irin wannan tunani na shiri tun da wuri shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ajiye manyan rumbunan kayan gaggawa a Brindisi ta Italiya, da Dubai, da Panama, da Maleshiya, da kuma Akra ta ƙasar Gana, wadda ke kusa da ƙasashen Afirka ta Yamma.

Sai dai akwai wani rami a cikin lissafin ɗan kasuwa. Shi ɗan kasuwa, in kai kaya wani ƙauye zai ci masa riba, sai ya bar ƙauyen, ba kuma abin da ya rage masa. Kwamfutar da aka ce ta nemo hanya mafi arha, ita ma haka za ta yi: za ta share ƙauyukan bayan fadama daga taswira, domin a cikin lissafinta yunwar wanda ba a kai wa ba ba ta da farashi. A 2013 wani malamin jami'a a jihar New York, José Holguín-Veras, da abokan aikinsa suka rubuta cewa tilas a sa wa wahalar jira kuɗi a cikin lissafin, kuma kuɗin ya riƙa hauhawa da tsawon jiran. Hujjarsu kowane makiyayi ya san ta: wanda ya yini bai sha ruwa ba yana cikin wahala, amma wanda ya kwana uku bai sha ba, ba ninki uku na wahalar ke kansa ba, bakin kabari yake. Da zarar an shigar da wannan, sai na'urar ta fara aika kwalekwale zuwa bayan fadama ko da ya fi tsada. Abin lura a nan shi ne na'urar ba ta canza ra'ayi don tausayi ba. Mutum ne ya canza tambayar da ya yi mata.

Abin da ya faru a Haiti ya nuna cewa wani lokaci ƙofar shiga ita ce abin da ake rabawa, tun ba a kai ga buhun shinkafa ba. Girgizar ƙasar ran 12 ga Janairu, 2010 ta lalata tashar jiragen ruwan Port-au-Prince, ta bar filin jirgin sama mai titin sauka guda ɗaya tak. Sojojin Amurka suka karɓi ragamar filin, jirage suka yi ta shawagi a sama suna jiran izini, kowane kuma yana ganin kayansa ne suka fi gaggawa: sojoji, masu tono mutane daga ƙarƙashin gini, abinci, manyan baƙi, 'yan jarida. A cikin wannan cunkoso aka hana wani jirgin ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, watau MSF, sauka, alhali asibitin tafi-da-gidanka yake ɗauke da shi. Sai a maƙwabciyar ƙasa, Jamhuriyar Dominika, ya sauka, aka biyo da kayan ta mota, masu karaya da raunuka suna jira. Sai da aka yi ta ƙorafi kafin aka zauna da Majalisar Ɗinkin Duniya aka tsara jerin irin kayan da za a fara ba hanya. Wani ɓangare na cunkoson kuwa kyauta ce da ba a roƙa ba, kuma wannan tsohon ciwo ne. Bayan girgizar ƙasar Armeniya ta watan Disamba, 1988, an aika da magunguna da kayan asibiti wajen tan 5,000, sai da mutum hamsin suka yi wata shida kafin su tantance abin da ke ciki, da yawa kuma sun lalace ko an rubuta sunayensu da harsunan da likitocin wurin ba su karantawa.

A cikin birnin ma rabon farko bai yi kyau ba. In aka tsayar da mota aka fara miƙa buhu, majiya ƙarfi ke kwashewa, tsofaffi da masu goyo su koma gefe. A ƙarshen watan Janairu Hukumar Samar da Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta canza tsari, ta kafa wuraren rabo goma sha shida, ta raba takardun shaida ga mata, kowace mai takarda ta karɓi buhun shinkafa mai kilo 25, maza su tsaya a waje su taya ɗauka. Layi ya natsu. An yi haka ne bisa la'akari da cewa abin da ya shiga hannun uwar gida ya fi saurin kai wa tukunya, ko da yake magidancin da matarsa ta rasu a girgizar sai da aka nemo masa wata dabara.

Akwai kuma mudun da ba wanda ya rubuta shi amma ya fi kowane ƙarfi, watau idon kyamara. Masu binciken da suka bi diddigin agajin igiyar ruwan tsunami ta ran 26 ga Disamba, 2004 sun ƙiyasta cewa abin da aka tara ya haura dala 7,000 a kan kowane mutum da bala'in ya shafa, alhali ambaliyar da ta auka wa Bangaladesh a wannan shekarar dala uku kacal ta samu a kan kowane mutum. Kuɗin tsunami sun yi yawan da MSF ta fito ta ce a daina aiko mata da su don wannan aiki. Watanni kaɗan bayan haka, a watan Mayu na 2005, Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙi dala miliyan 16 domin Jamhuriyar Nijar, duniya ta yi kunnen uwar shegu, har sai da hotunan yara ƙanjamammu daga Maraɗi suka fito a talabijin a watan Yuli.

Labarin Nijar na wannan shekara ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne aka ga yadda ma'auni mai kyau a takarda ke iya nuna gabas alhali ciwon yana yamma. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a arewacin ƙasar. Hukumomin da ke sa ido kan yunwa suna da tsarinsu tun bayan farin shekarun 1970 da na 1984: a auna hatsin da kowane yanki ya noma, a kwatanta da yawan bakunan da ke cikinsa, inda aka ga giɓi a sa masa alama a taswira. Taswirar ta nuna yankunan da noma ke haɗuwa da kiwo, can wajen arewa, inda gero bai yi ba, ciyawa kuma ta ƙone. Ba ƙarya ta yi ba, mutanen can sun sha wuya, dabbobinsu sun mutu. Amma da cibiyoyin ciyar da yara suka fara cika, sai aka ga mafi yawan yaran daga kudancin Maraɗi ake kawo su, daga ƙasar Madarunfa da Gidan Rumji, wuraren da ake kira rumbun ƙasar. MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu matsananciyar tamowa a Nijar a wannan shekara, akasarinsu a jihar Maraɗi.

Yaya aka yi yunwa ta fi kama yara a inda hatsi yake? Amsar tana kasuwa. A kudancin Maraɗi jama'a sun yi yawa, gonaki sun tsuke, talaka yana sayar da ɗan abin da ya noma tun da kaka don ya biya bashi, sa'an nan ya koma saye da damina. A wannan shekara hatsi ya yi tsada a arewacin Nijeriya ma, saboda haka wanda ya saba haurawa Nijar bai haura ba, farashin buhun gero ya ninka har wajen sau uku. Hatsi na nan a kasuwa tuli, mai saye ne ba shi da kuɗi. Taswirar tana ƙidaya damin da aka girbe, ba ta tambayar hannun wa yake. Masanin tattalin arzikin nan na Indiya, Amartya Sen, ya riga ya nuna tun 1981 cewa yunwar Bengal ta 1943 ta kashe miliyoyi ba tare da abinci ya ƙare a ƙasar ba, amma darasin bai shiga cikin taswira ba. Daɗin daɗawa, gwamnati da masu ba ta tallafi sun tsaya a kan sayar da hatsi da rangwame maimakon rabawa kyauta, don gudun kada kasuwa ta lalace, Shugaba Mamadou Tandja kuma ya musanta cewa akwai yunwa. Wanda aljihunsa ba kome, rangwame bai amfane shi da kome ba. Sai a watan Agusta aka fara rabo kyauta, bayan aski ya zo gaban goshi.

Rigimar da ta tashi a Nijeriya a 2022 ta ma'auni ce ita ma, ko da yake an ba ta launin yanki. Ambaliyar wannan shekara ta kashe mutum fiye da 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A watan Nuwamba Ministar Harkokin Jin Ƙai, Hajiya Sadiya Umar Farouq, ta shaida wa manema labarai cewa bisa alƙaluman da ke hannunta Jigawa ce kan gaba wajen ɓarna, Bayelsa kuwa ba ta cikin goman farko. Mutanen Bayelsa da shugabannin yankin Neja Delta suka yi ca, har da masu kiran ta sauka. In aka ƙirga rayukan da suka salwanta, da gidajen ƙasa da suka rushe, da gonakin da ruwa ya share, Jigawa tana da magana. In kuwa aka tambayi kashi nawa na jiha ruwa ya rufe, da tsawon kwanakin da hanyoyin shiga suka yanke har abinci da mai suka gagara, Bayelsa tana da tata. Masana suna da dabarun haɗa irin waɗannan ma'aunai wuri guda, a ba kowane nauyinsa, a tara maki. Amma ba lissafin da zai faɗi gona nawa ke daidai da gida ɗaya, ko kwana nawa na yankewar hanya ke daidai da rai guda. Wannan hukunci ne na mutane, kuma in an yanke shi bayan ruwa ya riga ya zo, kowa ya san wanda zai ci riba da kowane nauyi, saboda haka ba wanda zai yarda an yi don Allah. Da a ce tun da rani gwamnoni da NEMA sun zauna sun sa hannu a kan ma'aunin, an buga shi a jarida, lokacin da ba wanda ya san jihar da ruwa zai faɗa wa, da gardamar ta zo da sauƙi.

Yanke hukunci tun kafin aukuwa shi ne abin da aka gwada a Bangaladesh a 2020, kuma ya wuce maganar ma'auni kawai. Asusun gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin ƙasar da ƙungiyoyin agaji sun amince tun da wuri cewa in hasashe ya nuna Kogin Jamuna zai haura wani mataki a ma'aunin ruwan da ke Bahadurabad, to za a saki kuɗi nan take, ba taro, ba jiran rahoton ɓarna. An riga an san wa zai yi me, an kuma tanadi sunayen gidaje. Ran 4 ga Yuli hasashen ya nuna haka, cikin sa'o'i huɗu aka ba da izinin kuɗin, waɗanda jimlarsu ta kai dala miliyan 5.2. Gidaje wajen 23,000 suka sami Taka 4,500 kowane ta wayar hannu kafin ruwan ya kai ƙarshen hawansa. Da wannan kuɗi suka sayi abinci tun bai yi tsada ba, suka yi hayar kwalekwale suka kwashe awaki da tsofaffi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna waɗanda suka samu sun fi waɗanda ba su samu ba tsira daga yini ba ci. Haɗarin da ke ciki a fili yake: wata shekara hasashe zai nuna ruwa, a raba kuɗi, ruwan bai zo ba, a nemi wanda za a ɗora wa laifi. Jami'in da ya jira har gidaje suka rushe ba a cika tuhumarsa ba, shi kuwa wanda ya yi riga-kafi aka tashi lafiya, shi ke amsa tambayoyi. A Nijeriya hukumar da ke nazarin koguna tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, an kuma fara gwada biyan kuɗi kafin ruwa a waɗansu garuruwan Adamawa a 2022.

Duk wannan kuwa yana ƙarewa ne a kan takarda ɗaya, watau jerin sunayen da ake kira a ƙofar makaranta ko gidan mai unguwa. Kome kyan lissafin da aka yi a Abuja ko Janeba, wanda sunansa bai shiga ba bai samu ba. Sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle ran 10 ga Satumba, 2024 ta cika Maiduguri da ruwa, an sake buɗe sansanonin da aka riga aka rufe, irin su na Bakasi, amma ba kowa ya je can ba. Al'adar mutanen Arewa ce mai ɗan'uwa a tudu ya tafi wurinsa, gida ɗaya ya ɗauki gida uku, kuma irin waɗannan ba su cika bayyana a ƙidayar sansani ba, balle mai masaukin da abincinsa na wata ya ƙare a mako guda. Haka ɗan haya, in ana rubuta sunan mai gida. Haka gwauruwar da ke zaune a gidan surukai. Haka makiyayin da ba ya ƙarƙashin kowane dagaci. Haka almajiran da malaminsu ba ya kusa.

Wa ya fi dacewa ya rubuta jerin, ma'aikaci mai takardar tambayoyi ko mutanen unguwa da kansu? An gwada wannan a Indunusiya, a ƙauyuka 640, a wani bincike da aka buga a 2012, wanda Abhijit Banerjee na cikin masu yinsa. Kuɗin tallafin talakawa ake rabawa. A waɗansu ƙauyukan ma'aikata suka bi gida gida suna duba irin rufi da daɓe da abin hawa, suna ba da maki. A waɗansu kuma aka tara jama'a suka jera gidajen garinsu daga mafi talauci zuwa mafi wadata. Hanyar ma'aikata ta ɗan fi dacewa da abin da kowane gida ke kashewa, amma tazarar kaɗan ce, mutane kuma sun fi gamsuwa da jerin da suka yi da bakinsu, ƙorafi ya ragu, domin sun sa abubuwan da takarda ba ta tambaya, kamar gidan da ba mai nema a cikinsa. Tsoron da aka yi cewa masu gari za su cusa danginsu bai tabbata sosai ba. Inda aka sami matsala wani wuri ne da ba a zata ba: gidajen da aka tattauna a farkon taro an auna su daidai, amma da zama ya yi tsawo, mutane suka gaji, sai kuskure ya yawaita a kan gidajen da aka kira sunayensu daga baya.